Kurakuran da masu sarrafa masara suka fi yi, daga ɗanyen buhu zuwa dusa

Duk shekara da kaka ta kama sai an sami sababbin hannu a harkar masara. Wani ya karɓi kuɗin sallama daga aiki ya sayi injin surfe da na niƙa, wata ta fara ƙulla garin tuwo a leda tana kai wa shaguna, wani kuma kaji ya zuba ya ce shi zai riƙa haɗa musu abinci da kansa tunda na kamfani ya yi tsada. Duk hanyoyin rufin asiri ne, Allah ya sa albarka. Abin da ya ishe ni shi ne kurakuran iri ɗaya ne, na bana su ne na bara, kuma in an zo bayanin asara sai a ɗora wa annoba ko baki ko rashin sa'a. Sau da yawa kuwa fumfuna ce, da dafin da take bari a cikin hatsi.

Fumfunar da ta fi yi mana ɓarna masana na kiran ta Aspergillus flavus. A ƙasar gona take zaune, iska da ƙwari su kai ta kan goyon masara, in ta bayyana za ka gan ta kore-kore mai ɗan ruwan ɗorawa a tsakanin ƙwayoyi. Dafin da take fitarwa shi ne aflatoksin. Ba ya wari, ba shi da launi, harshe ma ba ya jin sa. Duniya ta farga da shi ne a 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ciyar da su da tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Brazil. A 2004 kuma a gabashin Kenya, wajajen Makueni da Kitui, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, saboda masarar gonarsu da suka girbe cikin ruwa suka adana da danshinta. Ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, hanta ta daina aiki. An sake ganin irin haka a tsakiyar Tanzaniya a 2016. Wannan ke nan in an ci da yawa a ɗan lokaci. Wanda ya fi yawa a wurinmu na kaɗan-kaɗan ne, tuwon dare da kokon safe, shekara da shekaru, har ya kai ga kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Binciken da aka yi kan yara a Benin da Togo ya nuna waɗanda suka fi tsumburewa su ne suka fi yawan dafin a jininsu.

Akwai na biyu, fumonisin, da wata fumfunar mai suna Fusarium ke yi. Ita fara ce ko ruwan hoda, takan bar zane-zanen fari a jikin ƙwaya, kuma tun a gona take kama masara. Zan dawo kanta in na zo maganar dawaki.

Don a san irin ƙanƙantar abin da ake magana a kai: a Amurka iyakar aflatoksin da aka yarda da ita a abincin mutane kashi 20 ne cikin biliyan, wato miligiram 2 kacal a buhu mai kilo 100. Tarayyar Turai ma ba ta yarda a wuce kashi 4 a hatsin da za a ci kai tsaye ba. Ƙwayoyi ƙalilan da suka ɓaci sosai sun isa su tsallakar da buhu guda wannan iyaka, alhali sauran ƙwayoyin fes suke.

Kuskuren da ya fi kowanne cin dukiya shi ne sayen masara da danshinta. Sabon shiga da ya ji an ce sabuwar masara ta fito a Saminaka ko Giwa ko Dandume, farashi ya faɗo, sai ya kwashi kuɗi a watan Satumba ya tafi sari. A lokacin kuwa ruwa bai gama ɗaukewa ba. Manomi na neman kuɗin biyan bashin taki da na makarantar yara, ya karye masara, ya ɓare, ya ba ta rana ɗaya ko biyu, ya ɗura a buhu ya nufi kasuwa. Masarar da aka karye a irin wannan lokaci ruwan jikinta yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100, wadda za ta zauna lafiya a sito kuwa sai ta sauko 13 ko ƙasa da haka. Ɗauki alƙalami ka buga. Buhu mai kilo 100 da ke kan kashi 20, in ya bushe ya dawo 13, kilo 92 zai rage maka. Kilo 8 na ruwa ka saya da kuɗin masara a kowane buhu, kuma wannan ita ce ƙaramar asarar.

Babbar na ɗanɗana ta da bakina. Wani dillali ne da muka daɗe muna ciniki ya tare ni da kaya mota guda. "Alhaji, wallahi ta bushe ƙayau, ciza ka ji." Ya soka buhu ta baki ya miƙo mini, na ciza ta ce ƙas. Aka loda, aka kawo, aka jibge a sito buhu kan buhu har rufi. Ashe kwalliya aka yi wa buhunan, busasshiya a sama da gindi, ɗanya a tsakiya. Ba a jima ba yaron sito ya same ni ya ce, "Maigida, ɗakin nan fa ɗumi yake yi." Na zura hannu tsakanin buhuna, zafi ya tare ni. Muka sauko da ɗaya muka farke. Tsakiyarsa ya dunƙule, ƙwayoyi sun manne da juna sai an ɓanɓara, ƙura kore ta tashi ta sa mu tari, ga wani wari na ruɓaɓɓen rumbu da ya kama riga. Ɗanyen hatsi numfashi yake yi, numfashin nan yana fitar da zafi da gumi, fumfunar kuma ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 da 35, wato daidai zafin siton kwano a ƙasarmu. Da na koma wa dillalin sai ya ce kaya ya bar hannunsa, ciniki ya faɗa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ba don kuɗin kaɗai ba. Mutumin nan yana sahun gaba a masallaci, kuma ya san hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zura hannu cikin tulin abinci a kasuwa ya ji laima, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, aka kuma ce mai algus ba ya tare da Manzon Allah. Maganar jiƙaƙƙen hatsi ce fa tsantsa, ba wani abu daban ba.

Tun daga nan ga yadda nake yi, wanda ya ga dama ya ɗauka. Ba na yarda mai kaya ya soka mini buhu, ni nake riƙe ƙarfen, kuma tsakiya nake nufa da gefe, ba baki ba. Ina zaɓar buhuna da kaina daga cikin tulin, ba waɗanda aka jera a gaba ba, a juye su gaba ɗaya a kan tamfol a gaban mai su. In ya fara cewa ana ɓata masa lokaci, na san akwai magana. Na'urar auna danshi tana aljihuna, kuɗinta bai kai asarar 'yan buhuna ba, amma sai ka ga mutum ya zuba miliyoyi a masara yana ƙyashin sayen ta. Wanda ba shi da ita ya nemi busasshiyar kwalba mai murfi da gishirin da aka shanya ya bushe sarai. A zuba masara kamar sulusin kwalbar, a sa gishiri cokali biyu ko uku, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye na ɗan lokaci a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, masarar ba ta isa shiga sito ba. Cizo da haƙori yana taimakawa, sai dai ƙwayar da aka miƙo maka kawai yake ba ka labarinta. Ni dai yanzu ba na sarin ajiya sai iskar hunturu ta fara kaɗawa, in ba ina da filin shanya da masu juyawa a shirye ba. Abokaina na cewa ina barin araha tana wuce ni. Ta wuce ɗin.

Kurakuran shanya kowa ya san su, yi ne dai ba a daina ba. Shanya a kan tsurar ƙasa mayar da masara ne gidan fumfunar, a shimfiɗa tamfol ko a yi daɓen siminti. Gefen kwalta ya haɗa ƙura da baƙin mai da kashin awaki. A baza ta sirara, a riƙa juyawa, da yamma a tattara a rufe don raɓa, da safe a buɗe da wuri kada ta kwana tana gumi har hantsi. Kada a tara masara da ɓawonta a tsibi a ce sai an gama girbi, tsibin nan kwana biyu ya ishe shi ya ɗau zafi. Goyon da karansa ya kwanta ya taɓa ƙasa a ware shi daban, haka wanda tsutsa ta huda, don ramin tsutsa ƙofa ce, kuma tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Afirka a 2016 irin wannan goyon ya ƙaru. Masu ɗura masara a buhu su yi ta jibga da sanda su sani kowace ƙwaya da ta fashe ta zama abincin fumfuna. Injin casa ma in an sa masa ɗanyar masara ko aka ƙure masa gudu farfasa ta yake.

Yanzu ga wadda ta fi ƙona mini rai, maganar dusa.

Fumfuna daga waje take shiga ƙwaya. Ɓawo take fara kamawa, da ɗan idon nan mai maiƙo inda tsiro ke fitowa, ƙwayar da ta ci sosai kuma ta zama marmasa, da an taɓa ta sai ta ruguje ta bi ƙura. To me surfe yake yi? Ɓawon nan da idon da marmashin yake cirewa. Shi ya sa surfaffiyar masara ta fi ɗanya-da-ɓawo tsabta nesa ba kusa ba, kuma iyayenmu mata da suka nace kan surfe da bakace da wanki kafin niƙa sun kare mu daga abin da ba su san sunansa ba. Amma dafin da ya bar tsaba ba ɓacewa ya yi ba, dusa ya koma, kuma tunda dusa kaso kaɗan ce na nauyin buhu, a cikinta ya taru ya yi kauri. Galibi in aka auna, dafin da ke cikin dusa da marmashi yakan ninka na tsabar da aka cire su daga jikinta. Manyan masana'antu ma haka abin yake. Masu yin sitaci daga masara sitacinsu yakan fito kusan tas, dafin ya bi ruwan jiƙo da ɓawo da sauran abin da ake sayar wa masu dabbobi. A Amurka, inda ake yin man itanol da masara, dusar da ke ragewa takan ɗauki kusan ninki uku na dafin da ke cikin masarar da aka fara da ita, domin kashi biyu cikin uku na nauyin ya tafi, dafin kuma yana nan.

Wannan lissafin ban san shi ba lokacin da waccan masara ta ɓaci. Aka ba ni shawara a tsince wadda ta fi dama a surfe, dusar kuma ai ba a yi asara ba tunda ga kaji masu ƙwai a gidan gona. Haka aka yi. Kaji suka rage cin abinci, ƙwai ya fara ja da baya, ɓawonsa ya yi laushi, ana ɗauka yana fashewa a hannu. Muka sayi maganin ƙwayoyin cuta muka zuba a ruwa, muka ƙara bitamin, shiru. Aka fara tsintar mushe ɗai-ɗai da safe. Da likitan dabbobi ya zo ya feɗe guda a gabana, ya ɗago hantar. Hantar kaza lafiyayya ja ce mai duhu, wannan kuwa ta kumbura, ta koɗe ta yi rawaya-rawaya, ya ɗan matsa ta da yatsa ta dagargaje. Bai tambayi wane rigakafi aka yi musu ba, cewa ya yi, "Alhaji, me kake ba su?" Na kai shi inda dusar take, ya ɗebo ya shinshina ya dube ni, bai ƙara magana ba. Daga baya ya yi mini bayanin cewa dafin yana karya garkuwar jikin kaza, ta yadda rigakafin cututtukan kaji irin su gumboro da ka kashe kuɗi ka yi ba zai kama yadda ya kamata ba, sai wata cutar ta shigo a ce ita ce ta kashe su.

Saboda haka ku da kuke cewa "ai na dabbobi ne" duk lokacin da hatsi ya lalace, ku ji da kyau. Wa zai ci dabbar? Saniyar da ta ci gurɓatacciyar dusa, hantarta na juya dafin ya koma wani nau'i da ake kira M1, ya fito a nono cikin kwana guda. Kashi 1 zuwa 6 cikin 100 na abin da ta ci yakan biyo nonon, tafasawa ba ta kashe shi, mayar da shi kindirmo ma ba ya raba shi da shi. Wa ya fi shan nono a gida? Yara. A 2013 ƙasashen yankin Balkan a Turai, musamman Sabiya, sun shiga rikicin madara saboda wannan, bayan farin 2012 ya ɓata musu masarar da aka ciyar da shanu. Mu nan wa yake auna nonon da ake dama fura da shi a bakin kasuwa? Alherin da ke ciki shi ne in aka janye mugun abincin, nonon yakan washe cikin 'yan kwanaki. Agwagwa da talo-talo sun fi kaza rauni, 'yan tsaki sun fi manya, kifin tarwaɗa ma da ake haɗa wa abinci da dusa girmansa tsayawa yake. Masu dawaki kuma ku ne fumonisin ta fi shafa, don doki da jaki ba sa jure ta ko kaɗan, ƙwaƙwalwa take lalata musu. Doki ya fara tangaɗi, yana zagaye wuri ɗaya, yana dafa kai a bango, kafin a ankara ya faɗi. Mutum ya sayi ingarma da kuɗi mai yawa don hawan sallah, sannan a aiki yaro ya sayo masa dusa mafi araha a bakin inji. Araha ba ta ado.

Akwai kuma ɓarnar da mu masu inji muke ƙarawa da hannunmu. Surfenmu da ruwa ake yin sa, ana yayyafa wa masara kafin ta shiga inji, don haka dusar da ɗuminta da danshinta take fitowa. In aka ɗura ta a buhu a haka aka jingine a lungu, ko daga lafiyayyar masara ta fito, kafin jibi ta dunƙule ta fara tsami. Ni a wurina dusar yau a yau ake baza ta a tamfol, ba ta kwana a buhu sai ta bushe ta huce. Mai saye kuma ya dunƙula ta a tafin hannu ya saki. In ta warwatse to, in ta tsaya curi ya bar ta. Ya shinshina. Ya tambayi daga wace masara ta fito, in mai inji ya ce ta mutane ce daban-daban da aka tara, ya san caca yake yi. Masu haɗa abincin kaji su riƙa sa hodar nan mai kama dafi da ake sayarwa a shagunan magungunan dabbobi, yawancinta wani irin yumɓu ne da ke riƙe aflatoksin a hanji ya fita da kashi. Ina sa ta a kowane haɗi, amma ba lasisin ciyar da ruɓaɓɓe ba ce, kuma ba ta kama fumonisin yadda take kama aflatoksin.

"Wuta za ta kashe shi." Wannan magana na ji ta daga bakin masu digiri. Wuta tana kashe fumfunar, dafin kuwa sai zafi ya haura digiri 250 kafin ya fara rugujewa, tukunyar tuwo kuma a 100 take tafasa. Rana ma haka, in ka sake shanya masarar da ta yi fumfuna ka tsayar da ɓarnar ne daga ci gaba, abin da ya riga ya shiga yana nan. Masu wanke ta su shanya, ko su goge ta a inji ta yi ƙyalli su kai Dawanau, sun gyara wa ido ne kawai. Mafi muni su ne masu gauraya, buhu ɗaya ɓatacce cikin lafiyayyu biyar don ya ɓace. Bai ɓace ba, gida shida ka raba wa maimakon ɗaya.

Abin da ke rage shi da gaske aikin hannu ne mai gajiyarwa. Hajiya mai garin tuwo, kafin ki kai inji ki zauna da faifai ko ki sa a zauna. A bakace, a rairaye marmashi da karyayyu, a tsince duk ƙwayar da ta canza launi, ta motse, ta huje ko ta yi baƙi a ido. A zuba a ruwa, duk wadda ta taso sama a kwashe a zubar. Sannan a surfa, a wanke, a shanya ta bushe sosai kafin niƙa. Yawancin dafin yana cikin waɗannan 'yan ƙwayoyin da kika fitar, shi ya sa tsinta kaɗai take yin aikin da ba a zato. Masu kamu da koko, ruwan jiƙon farko a zubar, kada a niƙa da shi don neman tsami, dusar da ta rage a abin tata kuma hukuncinta ɗaya da dusar surfe. Ruwan tsarin da ake ba awaki da tumaki, in masarar tana da alamar tambaya, ya tafi kwata.

Gari na fitowa daga inji da zafi. Wanda ya ƙulle shi a leda a haka, gumi zai taru a ciki, bayan sati biyu mai shago ya kira shi ya zo ya kwashe kayansa. A baza shi ya huce. Kada a niƙa fiye da abin da za a sayar a ɗan lokaci, tsaba ta fi gari jure ajiya. Injin kansa a riƙa buɗe shi ana kankare tsohon garin da ya daskare a lunguna da bakin mazurari, na sha ganin wanda ya yi kore a ciki ana ta niƙa wa jama'a a kansa.

A sito, buhu ba ya zama a kan siminti, a sa katako a ƙasa, a bar rata tsakaninsa da bango yadda mutum zai iya wucewa. Rufin da ke ɗiga a gyara shi kafin kaya su shigo. Tsohon buhun da ya taɓa ɗaukar ɓataccen hatsi ko taki kada a sake zuba abinci a ciki. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Ƙwari da ɓeraye suna fasa ƙwaya suna ƙara danshi, don haka yaƙi da su yaƙi da fumfuna ne, amma ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhuna, wadda 'yan kasuwa ke kira bom, ƙwari take kashewa, ba ruwanta da dafi, kuma ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi, ta kashe iyalai. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu binciken jami'ar Purdue ta Amurka suka fara ƙirƙira don wake, yana yi wa masara aiki sosai, yana toshe iska ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Sharaɗinsa ɗaya, busasshiya za a zuba. Wanda ya ɗaure ɗanya a ciki zai buɗe ya tarar da tsami.

Masu sayar wa kamfanonin abincin kaji ko na abincin yara sun san yanzu ana gwada kaya a bakin ƙofa da 'yan tsinken gwaji masu ba da sakamako cikin mintuna, kuma mota guda takan dawo. Kuskuren masu son su gwada da kansu shi ne su ɗebi tafi ɗaya daga buhu ɗaya su ce an auna. Tunda dafin a 'yan ƙwayoyi yake taruwa, sai an ɗebo daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa kilo da dama, a niƙe duka, a gauraya, sannan a ɗauki na gwaji daga garin. Gwajin da aka yi da tafi ɗaya takarda ce kawai.

Manoman da nake saye a hannunsu kai tsaye ina matsa musu kan Aflasafe. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi tare da masu bincike na ma'aikatar noman Amurka, aka yi masa rajista a Najeriya a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka kashe ba ta tsirowa, aka shafe ta da irin Aspergillus flavus na ƙasarmu waɗanda ba sa yin dafi, aka rina ta shuɗi don kada a ci. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, sati biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure, lokacin da ƙasa ke da danshi, sai marasa dafin su riga masu dafin mamaye gonar. A gwaje-gwajen gonaki yana rage aflatoksin da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Inda ake kuskure shi ne lokaci: wani sai masara ta yi goyo yake tunawa, wani ya watsa sannan ya bi da huɗa ya binne shi. Ba ya taɓa fumonisin, kuma ba ya ɗauke wa kowa shanya. Shekarar da aka yi fari masara na tsaka da fure a ƙara sa ido, masarar da ƙishi ya wahalar ta fi kamuwa tun a gona.

Saura tambayar da kowa ke yi mini in na gama wannan faɗan: to tsintuwar da aka fitar da buhun da ya dunƙule a kai su ina? Nan ne mutane ke sulalewa, don kullum akwai mai saye. Akwai mai koko da ke neman rangwame, akwai mai kaji da jarinsa ya karye, akwai almajirai da za a ce an yi sadaka. Ni rami nake sa a haƙa a bayan gidan gona, mai zurfin da kaza ba za ta tono ba, a zuba a binne, in kuma ta bushe a ƙone ta. Masu aikin su ɗaure hanci da baki, ƙurar ba ta da kyau ga huhu, kuma ina tsaye a wurin har a gama, domin na taɓa juya baya na ga rabin buhu ya hau babur.